Zaman Abuja, Garin Kowa da Kowa

 A wannan karon kulob ɗin 'yan jarida ya zaɓi ya yi bayani ne a kan garin da muke kwana muke tashi a cikinsa, wato Abuja. Wani zai ce, me za a gaya wa ɗan gari game da garinsu? To, da yawa daga cikinmu a nan aka haife su, amma ba su taɓa taka ƙafa a Maitama ba, kuma ba su taɓa jin su wa aka tarar a wurin kafin a fara gini ba. Duk motar da aka yi wa rajista a nan, in kuka duba lambarta za ku ga wani kirari da Turanci wanda ma'anarsa ita ce Cibiyar Haɗin Kai. Abin da muke so mu duba shi ne yadda wannan kirari yake a zamanmu na yau da kullum.

Kafin Abuja, Legas ce hedikwatar Najeriya tun daga 1914. Amma Legas tana can bakin teku a ƙuryar ƙasa, mutumin Maiduguri ko na Sakkwato sai ya sha doguwar tafiya kafin ya isa. Ga cunkoso, ga ƙarancin fili saboda ruwa ya kewaye ta, ga shi kuma a lokacin ita ce hedikwatar jihar Legas. Sannan ƙasar ba ta daɗe da fitowa daga yaƙin basasa ba, wanda aka yi daga 1967 zuwa 1970. Shugabanni suna neman wuri a tsakiyar ƙasa inda Bahaushe ko Bayarabe ko Ibo ba zai bugi ƙirji ya ce garin kakansa ne ba. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Mai shari'a Akinola Aguda domin ya nemo wurin. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 aka kafa Yankin Babban Birnin Tarayya da dokar soja mai lamba 6, aka yanko ƙasar daga jihohin Neja da Filato da Kwara na wancan lokaci. Kwana goma kacal bayan haka, ranar 13 ga Fabrairu, aka kashe Murtala a Legas. Bai ga ko bulo ɗaya na garin ba. Gini ya ci shekaru, sai ranar 12 ga Disamba 1991 Janar Ibrahim Babangida ya taso da gwamnati gaba ɗaya zuwa nan. Ke nan wasu daga cikin malamanmu sun girmi hedikwatar ƙasarsu, Allah ya ƙara musu lafiya.

Sunan ma aro aka yi. Garin da muke kira Suleja a yau, a jihar Neja, shi ne Abuja ta asali. Wani basarake daga gidan sarautar Zazzau mai suna Abubakar, wanda ake yi wa laƙabi da Abu Ja saboda hasken fatarsa, shi ya kafa garin a 1828. Da gwamnati ta ɗauki sunan ta ba sabon birni, sai aka sa wa tsohon garin sunan sarkin lokacin, Sulaimanu Barau, ya koma Suleja.

Akwai maganar da muke yawan ji a bakin manya, wai Abuja ƙasa ce da ba ta da mai ita. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma tana ɓata wa wasu abokan karatunmu rai ko da ba su faɗa ba. Kafin a zo da katafila akwai mutane a nan da gonakinsu da kaburburan kakanninsu: Gbagyi, waɗanda suka fi yawa, da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da Ganagana da wasunsu. Garki da Wuse da Jabi da Maitama duk sunayen ƙauyuka ne tun kafin su zama unguwannin masu kuɗi. An tashi wasu an kai su Kubwa, mutanen Wuse kuma an kai su Sabon Wuse a jihar Neja. Wasu ƙauyukan suna nan har yau a tsakiyar benaye, kamar ƙauyen Garki. Gbagyi manoma ne na gaske, duk wanda ya san doya ya san doyarsu. In kuka ga mace ta ɗauko itace ko ƙwarya a kafaɗa maimakon a ka, to ita ce. Suna cewa kai shi ne sarkin jiki, bai kamata a ɗora masa kaya ba. Hausawa suna kiransu Gwari, amma sunan da suke kiran kansu shi ne Gbagyi. Mu a kulob muna ganin ya kamata a daina cewa wanda bai iya magana ba yana gwaranci. Mutumin da ya ba ka wurin zama bai cancanci ka mai da sunansa abin tsokana ba.

Ku nemi takardar naira 20 ku duba, ko da yake yanzu da ƙyar take sayen alewa. A gabanta hoton Murtala ne, wanda ya ba da umarnin a kafa garin. Ku juya bayanta, za ku ga wata mata zaune tana ginin tukunya. Ita ce Ladi Kwali, 'yar garin Kwali da ke cikin wannan yanki, wadda tukwanenta suka kai har Ingila da Amurka, ta rasu a 1984. Wanda ya kawo birnin da wadda aka tarar a wurin, ga su nan a takarda guda. Har yanzu mata suna ginin tukwane a Ushafa, ta hanyar Bwari, ƙauyen da shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a shekarar 2000.

Abin da ya fara jan idon baƙo a Abuja shi ne duwatsu. Wanda ya taho daga Kaduna, Dutsen Zuma ne zai fara yi masa sannu da zuwa kusa da Madalla, da wata alama a jikinsa kamar fuskar mutum. Mutane da yawa suna ɗauka a cikin Abuja yake, alhali a jihar Neja yake. Namu na cikin gari shi ne Dutsen Aso, kuma a gindinsa aka jera manyan gine-ginen mulki guda uku: Fadar Shugaban Ƙasa, da Majalisar Dokoki ta Ƙasa mai koriyar ƙubba, inda sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360 suke zama, da kuma Kotun Ƙoli. Darasin da ake koya mana a aji game da rassan gwamnati uku, mu muna iya ganinsa ta tagar mota. A bayan dutsen akwai gidan namun daji da wurin wasan yara.

Kaɗan daga nan sai Masallacin Ƙasa mai ƙubba ruwan zinare da hasumiya huɗu, kuma ba da nisa ba ga Babbar Majami'ar Ƙasa ta Kirista. In mutum ya tsaya a wuri mai kyau zai iya ɗaukar su duka a hoto ɗaya. Da gangan aka ajiye su kusa da juna. Akwai lambun shaƙatawa na Millennium a Maitama, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta buɗe a watan Disamba 2003. Ranar Sallah ko Kirsimeti za ku ga iyalai sun shimfiɗa tabarmi a kan ciyawa da kulolin abinci, yara suna guje-guje, amare da angwaye suna ɗaukar hoto. Akwai Tafkin Jabi inda ake shiga kwale-kwale. Akwai babban filin wasa da aka gina domin wasannin Afirka na 2003, mai ɗaukar mutum kusan 60,000, wanda aka sa wa sunan Moshood Abiola a 2019. Jirgin ƙasa kuma yana tashi daga Idu ya tsaya a Kubwa ya nufi Rigasa a Kaduna, tun 2016.

Amma abin da ya fi ba mu sha'awa, wanda kuma ba a biyan ko sisi a kalle shi, shi ne sunayen tituna. Manyan hanyoyi suna ɗauke da sunayen Ahmadu Bello da Obafemi Awolowo da Nnamdi Azikiwe da Tafawa Balewa da Herbert Macaulay. Mutanen da suka yi ta jayayya da juna a siyasa lokacin da suke raye, yau titunansu suna haɗuwa a shataletale. A Wuse 2 akwai titin Aminu Kano. A shiyyoyin Wuse za ku ga sunayen biranen Afirka kamar Akara da Abijan da Lusaka. A Asokoro, inda hedikwatar ƙungiyar ECOWAS take, sunayen shugabannin Afirka ne: Nelson Mandela, Kwame Nkrumah, Julius Nyerere, Thomas Sankara. A Maitama kuma koguna ne na duniya, irin su Nilu da Amazon da Misisifi. Wanda yake son cin jarrabawar labarin ƙasa, ya riƙa karanta allunan bakin titi maimakon barci a mota. A Garki kuwa lissafin sai ya rikita baƙo. Za ku ji direba yana kiran Eriya 1, Eriya 3, Eriya 8, Eriya 10 ko 11, amma ba za ku ji yana kiran Eriya 4 ko 5 ba.

To, wannan ita ce Abujar da ake nunawa a talabijin. Akwai wata Abujar, ita ce tamu. Kuɗin haya a tsakiyar gari ya fi ƙarfin malamin makaranta da masinja da direba da mai gadi, ga shi kuma na shekara guda ake biya a dunƙule. Saboda haka mafi yawan masu yi wa garin aiki ba sa kwana a cikinsa. Suna kwana a Kubwa, Dutsen Alhaji, Nyanya, Karu, Jikwoyi, Lugbe, Mpape, Karmo, Gwagwa, Kuje da Gwagwalada. Wasu ma a wata jiha suke kwana: Mararaba da Masaka a Nasarawa suke, Madalla da Suleja a Neja. A ƙidayar 2006 an samu mutum sama da miliyan 1.4 a yankin, kuma tun daga lokacin kullum ƙaruwa ake yi.

Duk safiya kafin gari ya waye wannan jama'a take ɗunguma zuwa cikin gari. Wanda bai ga gosulon hanyar Mararaba zuwa Nyanya zuwa AYA ba, bai ga gosulo ba. Akwai iyayenmu da suke fita daga sallar asuba, ba su dawo ba sai bayan isha'i, har ƙananan ƙannenmu sukan yi kwanaki ba su ga babansu ido biyu ba. An hana 'yan acaɓa shiga tsakiyar gari tun 2006, saboda haka sai bas ko ƙananan motocin da ake kira alon, mutum huɗu a baya, biyu a gaba. A nan za mu ɗan tsaya mu ja kunnen juna. Akwai ɓata-garin da ake kira wan-cans, masu yin kamar motar haya ce su ɗauki mutum su yi masa fashi. Kada ɗalibi ya tare mota a bakin titi shi kaɗai, a je tasha a shiga.

Ruwan famfo na cikin gari daga madatsar ruwa ta Usuma yake zuwa, kusa da Ushafa. A unguwanninmu da yawa kuwa sai rijiyar burtsatse da 'yan ga-ruwa masu tura kura da jarkoki. In 'yan uwanmu na gida suka ji an ce Abuja, sai su ɗauka kowa maƙwabcin shugaban ƙasa ne. Da sun ga layinmu ranar da aka yi ruwan sama, da sun rage yawan saƙon da suke aiko wa iyayenmu.

Duk da haka, mu a ganinmu, haɗin kan da aka rubuta a lambar mota a wannan Abujar tamu yake zaune. A unguwannin manya kowa yana bayan doguwar katanga da mai gadi, mutum zai shekara bai san sunan maƙwabcinsa ba. A gidan haya na Nyanya ko Karmo kuwa, ɗaki ɗaya Bahaushe ne, na kusa da shi Tibi, na gaba Igala, na ƙarshe Ibo, igiyar shanya ɗaya, tsakar gida ɗaya. Dole a san juna. Ranar Babbar Sallah yara ne ake aika da nama ɗaki-ɗaki, ba a tsallake ƙofar Kirista. Ranar Kirsimeti kuma kwanukan shinkafa da kaza su biyo ta hanyar da naman ya bi, kuma maƙwabta da yawa sukan kira Musulmi ya yanka musu kazar domin kowa ya iya ci. Ba doka ce ta ce a yi haka ba. Ana saɓawa, ba ma musu. Zo mu zauna, zo mu saɓa ne. Ana faɗa a kan kuɗin wuta da sharar tsakar gida da ƙarar janareta. Amma in yaro ya kwana da zazzaɓi, matar da aka yi cacar baki da ita jiya ita ce za ta fara ƙwanƙwasa ƙofa.

Ku dubi ajinmu ma. Ranar da muka gwada ƙirga harsunan da ake yi a gidajenmu, yatsun hannu biyu ba su isa ba. A gaban malami Turanci muke yi, a filin wasa buroka, a kasuwa kuma sau da yawa Hausa. Kusan kowa ya iya cewa "ina kwana" da "e karo" da "kedu", kuma abin kunya, zagin kowane yare shi ne abin da aka fi saurin koya. A kasuwar Wuse za ku ji Ibo mai sayar da takalma yana ciniki da Hausa tsantsa, mahauci Bakano kuma yana amsa wa mai saye da buroka. Kowace sana'a kamar ta zaɓi unguwarta: 'yan canji a Zon 4, kilishi a Eriya 1, kayan gyaran mota a Apo, kifi a Kado, katako da kayan gini a Dei-Dei, lemo da ayaba da kankana a Zuba. Abinci kuwa ya daɗe da daina tambayar ƙabila. Akwai 'yan ajinmu Hausawa da ba su da abincin da ya kai musu sakwara da miyar agushi, akwai kuma Yarbawa da in ba su ci masa da safe ba kamar ba su karya ba. Tsire da yamma kuwa na kowa ne.

Sai dai akwai lokacin da asirin garin yake tonuwa. In Sallah ta zo, ko ƙarshen Disamba, tashoshin Jabi da Utako da Zuba sukan cika maƙil, kuɗin mota ya tashi, kowa ya ce zai tafi gida. Cikin kwana biyu titunan da ake rarrafe a kansu sai su zama fayau. Hausawa suna cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Iyayenmu da yawa sun fi shekara 20 a nan, amma har yanzu in suka ce gida, Katsina ko Makurɗi ko Inugu ko Ilori suke nufi.

Mu da aka haifa a nan, abin ya fi ɗaure mana kai. In muka je can, 'yan Abuja ake kiranmu. A yi mana dariya don Hausarmu ta gauraya da Turanci, ko don ba mu iya gaida manya da dogon jerin gaisuwa ba, ko don mun tambayi inda ake sayar da ruwan leda. In muka dawo nan aka ba mu fom ɗin jarrabawa ko na neman tallafin karatu, sai a ce mu rubuta jiharmu ta asali da ƙaramar hukuma, wani lokaci har da takardar indijin. Yaron da aka haifa a Kubwa, ya yi rarrafe a Kubwa, ya yi firamare a Kubwa, sai ya rubuta sunan ƙaramar hukumar da bai je ba sai sau biyu ko uku a rayuwarsa. Ba muna cewa a manta da asali ba ne, kowa yana son garin kakanninsa. Amma muna ganin ya kamata fom ya riƙa tambayar inda yaro ya tashi, a kuma ba wannan amsar daraja. In ana son Abuja ta zama ta kowa, sai an yarda cewa akwai yaran da ba su san wani gari ba sai ita.

Waɗanda suke rubuta Babban Birnin Tarayya a wannan layi na fom su ne abokanmu Gbagyi da Gade da Koro da sauran 'yan asalin yankin, kuma su ma suna da nasu ƙorafin. Abuja ba ta da gwamna, ba ta da majalisar jiha. Minista ne yake tafiyar da ita, shugaban ƙasa ne kuma yake naɗa shi, Majalisar Ƙasa ce take yi mata doka. Sanata ɗaya gare ta, alhali kowace jiha tana da uku, sai 'yan majalisar wakilai biyu. Shugabannin da mutanen yankin suke zaɓa su mulke su kai tsaye su ne na ƙananan hukumomi shida: Abaji, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da ta cikin birni wadda ake kira AMAC. Ɗan Kano ko ɗan Binuwai da ke zaune a nan yana da jihar da zai koma ya nemi gwamna in ya girma. Ɗan Gbagyi na ƙauyen Garki ba shi da wannan kujerar da zai nema.

Su ne kuma ba sa zuwa tasha in hutu ya zo. Lokacin da muke ɗaure jakunkuna, wasunsu gona suke raka iyayensu haƙar doya a wajen Kuje ko Kwali ko Bwari. In aka koma makaranta kowa ya buɗe tsarabar garinsu, wannan da ƙuli-ƙuli, wancan da aya, wata da garin rogo mai ja, su kuma sukan zo da gasasshiyar doya a naɗe cikin takarda, da ɗan manja da yaji a leda.